Yadda zaka tsara harkarka kada ta tsaya in netwok ya ɗauke ko kilawud ya faɗi

Jama'a wannan bayanin na masu harkar da ta koma kan intanet ne a nan Gombe, masu kemis da ke da rassa, makarantun kuɗi masu fotal na sakamako, asibitoci ƙanana, dillalan kaya da ke rubuta ciniki a manhaja, da kuma samarin da ke kula musu da kwamfutoci. Da yawa sun ɗauka tunda an ce bayanansu na kan kilawud, wato a sabobi, manyan kwamfutocin haya na AWS ko Azure ko Google da ake shiga ta intanet, to shikenan an gama. Ba a gama ba wlh. Sabar na can lafiya lau a Ailan ko Kef Tawun amma kai kana Jekadafari ba wuta, an tsinke faiba, wato igiyar da ke kawo intanet, a hanya, kwastoma na tsaye da kuɗi a hannu kai kuma baka ma san farashin kayan ba saboda farashin na cikin manhaja. Tsakaninka da sabar nan akwai igiya doguwa, kuma mafi yawan tsinkewar a ɓangarenmu take faruwa, shi yasa zan fi daɗewa a nan.

Mataki na farko, tun kafin ka sayi komai

Ka samu takarda da biro ka zauna da mai harkar, shi Alhaji da kansa ba yaronsa ba. Ku rubuta duk aikin da in ya tsaya kuɗi sun tsaya. Mu ɗauka kemis ne babba a cikin gari mai reshe a Kumo da Bajoga. Ayyukan zasu zama kamar sayarwa da buga rasit, karɓar kuɗi ta POS da tiransifa, duba kayan da suka rage a sito, littafin bashi, albashi, rahoton wata. A gaban kowanne ku amsa tambaya biyu. Ta farko, awa nawa zamu iya jurewa babu shi? Masana na kiran wannan RTO. Ta biyu, in bayanai suka ɓata, cinikin awa nawa zamu iya haƙura da shi mu sake shigarwa da hannu? Wannan shi ne RPO.

Alhaji zai ce maka shi ko minti ɗaya baya so a tsaya. Ka ce masa ranka ya daɗe akwai hakan amma ga kuɗinsa, sai ka ga magana ta dawo daidai. Sayarwa ƙila minti 15, littafin bashi awa 4, albashi ko kwana 3 ya yi ba wanda zai mutu. Lambobin nan su zasu faɗa maka inda zaka zuba kuɗi da inda zaka ƙyale, in ba haka ba zaka kashe miliyoyi kan rahoton wata ka bar rasit a banza.

Sannan ka fahimci alƙawarin da kamfanonin kilawud ke yi. In sun ce 99.9% to a shekara sun yarda wa kansu kusan awa 8 da minti 45 na tsayawa, 99.99% kuma kusan minti 53 ne. In sun wuce haka abin da suke biya rangwame ne a kuɗin wata, ba cinikin da ka rasa ba.

Na biyu, wuta

Duk wanda ya zauna a Gombe a 2024 ya san zancen. An lalata turakun babban layin 330kV da ya taso daga Jos zuwa Gombe aka kwashe makonni cikin duhu har da su Yola da Jalingo, sai kuma a watan Oktoba layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir suka samu matsala kusan duk Arewa ta yi fiye da mako guda babu wuta. Don haka kada ka yi lissafi da ɗaukewar awa biyu, ka yi da na kwanaki.

Abin da nake ba da shawara shi ne ka raba kayan netwok da sauran kayan shago. Rawuta (na'urar da ke raba intanet a shago), suwic (akwatin da ke haɗa wayoyin kwamfutoci), kwamfutar sayarwa guda ɗaya, firintar rasit da cajar POS su samu layinsu na daban a kan inbata, babu firij babu fanka babu wanda zai zo ya jona hita. Ka tara wat ɗinsu. Rawuta bata wuce wat 10 zuwa 15, laftof kamar 45 zuwa 65, kwanon Starlink na gida (intanet ta tauraron ɗan adam) yana cin wajen 75 zuwa 100. In duka sun kai wat 150, batir 12V 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2400 a takarda, amma in na ruwa ne ko tubula rabi kawai ya kamata ka ja in kana so ya yi ƙarko, kaga 1200 kenan, ka cire asarar inbata, zai kai ka awa 6 zuwa 7. Wannan ya isa wuni ɗaya kawai, dole sai da sola da zata cika shi gobe, ko janareta a gefe. In da hali lithiyum ya fi, yana jure zafinmu na Maris da Afrilu fiye da na ruwa kuma ana iya jan kusan duka.

Kar ka manta da tsawa. Farkon damina ne ake asarar rawutoci da yawa, a sa abin kare tsawa a kuma binne waya a ƙasa yadda ya kamata, musamman in kana da eriya ko kwano a saman rufi.

Na uku, hanya biyu zuwa intanet, kuma biyun gaske

Nan ne mutane suka fi ruɗar kansu. Mutum zai ce ai ina da layi biyu, MTN da Airtel. To madalla, amma ka bincika, yawancin dogayen ƙarafunan sabis ba na kamfanonin waya bane, na kamfanoni ne irin su IHS da ke ba da haya, sai ka tarar layukanka biyu duk a kan ƙarfe ɗaya suke da janareta ɗaya, in dizal ya ƙare duk sun tafi tare. Haka faiba, sau da yawa rami ɗaya ake bi a gefen titi, katafila ɗaya ta masu aikin hanya ta isa ta yanke su gaba ɗaya. Kamar gida ne mai ɗaki biyu amma zaure ɗaya, in aka rufe zauren duk ba fita.

Don haka ka haɗa iri biyu da basu da dangantaka. Ɗaya ta ƙasa, faiba ko 4G, ɗaya ta sama. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, mu ne ma ƙasar farko a Afirka, kuma shi baya bin ramin titin Bauchi ko na Biu. Shi ma fa ba waliyyi bane, ruwan sama mai ƙarfi na iya katse shi na ɗan lokaci, kuma a Yulin 2025 ya ɗauke a duniya baki ɗaya sama da awa biyu. Amma da wuya ranar da ya faɗi ta zo daidai da ranar da aka yanke faiba, wannan shi ne duk abin da ake nema. In kuɗin Starlink ya yi yawa wa ƙaramin reshe kamar na Bajoga, to aƙalla a zagaya da waya a gwada a gano layukan da ba a kan ƙarfe ɗaya suke ba, a tambayi masu gadin ƙarfen ma sun sani.

Sai rawuta mai karɓar hanya biyu wadda zata juya da kanta. MikroTik na yi, TP-Link ER605 ma na yi kuma ya fi sauƙin saiti ga wanda bai goge ba. Ga yadda zaka yi. Ka jona babbar hanya a kafar rawutar mai suna WAN1, ta ko-ta-kwana a WAN2. Ka ba WAN1 fifiko. Sai abu mafi muhimmanci, ka saita yadda rawutar zata gane hanya ta mutu. Kada ka bar ta tana duba modem ɗin da ke kusa da ita kawai, saboda in faiba ta tsinke a Alkaleri modem ɗinka na nan da fitilarsa kore yana amsawa, rawuta zata ɗauka komai lafiya ta ƙi juyawa. Ka sa ta riƙa taɓa adireshi na nesa guda biyu, misali 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare, duk bayan daƙiƙa 10, in duka biyun sun yi shiru sau uku a jere ta koma WAN2. Ka kuma sa ta ɗan jira kamar minti 2 zuwa 3 bayan babbar hanya ta dawo kafin ta koma, don faibar da ake kan gyara takan zo ta tafi ta zo ta tafi, in rawuta na bin ta haka duk tiransifa sai ta maƙale a tsakiya.

Abu na ƙarshe a nan, in an koma hanyar ko-ta-kwana a rufe wa wayoyin ma'aikata. Ka ware waifai na aiki daban da na jama'a, na jama'a ya mutu da kansa in ana kan WAN2, in ba haka ba data ɗin da ka tanada na mako guda TikTok zai cinye shi kafin la'asar. Kuma sim ɗin ko-ta-kwana a riƙa sa masa kuɗi ana amfani da shi lokaci-lokaci, layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya karɓe shi.

Na huɗu, a ina sabar take

Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin bankuna da dama suka daina aiki, intanet ta yi nauyi a ƙasashen yammacin Afirka, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Ranar ko kana da faiba uku a shagonka, in duk ta teku ɗaya suke fita zuwa sabar da ke Turai ka ji a jikinka.

Manyan kamfanonin kilawud ɗin nan cikakken yankinsu, wato wajen da suka tara gine-ginen sabobinsu, mafi kusa da mu a nahiyar yana Afirka ta Kudu, AWS a Kef Tawun tun 2020, Azure a Johannasbag tun 2019, Google ma a Johannasbag tun 2024. AWS na da ƙaramar shiyya a Legas tun 2023 amma ba duk ayyukansu ake samu a cikinta ba. A cikin gida akwai Rack Centre da MDXi a Legas, akwai Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya a Abuja da Kano. Ni a ganina ga wanda duk kwastomominsa 'yan Najeriya ne, yana da kyau ko dai babbar sabar ko kwafinta ya zama a cikin ƙasa, wajen da ke jone da IXPN, mahaɗar da kamfanonin intanet na Najeriya ke haɗuwa a cikin gida, yadda zirga-zirgar ba sai ta tsallaka teku ba. Kuma kada ka ɗauka Kef Tawun ta fi Landan sauri don tana Afirka, ka gwada daga shagonka da layinka ka gani da idonka.

A cikin yankin da ka zaɓa, ka raba aikin a shiyya biyu. Kowane yanki na AWS yana da aƙalla shiyyoyi uku, gine-gine ne daban da wutarsu daban. In databes ɗinka, wato rumbun bayanan manhajar, na kan RDS, sabis ɗin databes na AWS, ka kunna saitin Multi-AZ, zai riƙe kwafi a wata shiyyar ya juya da kansa cikin minti ɗaya zuwa biyu, kuɗin databes ɗin zai kusan ninkawa amma ga wanda ya rubuta minti 15 a takardar farko babu makawa. Sabar manhaja ma a yi biyu a bayan mai raba lodi, wato abin da ke raba musu aiki ya kauce wa wadda ta faɗi. Zancen gudanar da komai a yankuna biyu lokaci guda kuwa, gaskiya yawancin harkokinmu basu kai nan ba, tsada ne da wahalar kulawa. Abin da ya wajaba shi ne ka iya tada komai a wani yankin daga bakof, wato kwafin bayanan da ka ajiye a gefe, cikin awannin da kuka amince. Yanki sukutum na faɗuwa, ranar 20 ga Oktoba 2025 matsalar DNS, tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshin sabarsa, a yankin us-east-1 na AWS a Bajiniya ta durƙusar da manhajoji da yawa a duniya na tsawon awanni.

Tunda an ambaci DNS, ka rage TTL na adireshinka, wato tsawon lokacin da ake riƙe tsohon adireshi kafin a sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300 tun yanzu, don ranar da zaka nuna sunan shafinka zuwa sabuwar saba canjin ya bazu cikin minti biyar. In ka bar shi a 86400 wasu sai gobe zasu ganka.

Na biyar, bakof

Kwafin da Multi-AZ ke yi ba bakof bane, dan Allah a riƙe wannan. In yaro ya goge teburin bashi bisa kuskure, gogewar zata tafi ɗaya shiyyar nan take. Haka in manhajar garkuwa da bayanai ta kulle fayiloli, Google Drive zai ɗauki kullallun ya jera maka su da kyau.

Tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 har yau ita ce. Kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin kilawud na OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, waɗanda bakof ɗinsu ke harabar guda suka rasa komai. A Mayun 2024 kuma Google Cloud ya goge asusun UniSuper, wani babban asusun fansho na Ostireliya, bisa kuskuren saiti, har da kwafin da ke yanki na biyu, abin da ya taimaka musu shi ne suna da bakof a wajen wani kamfanin daban. In haka ta samu masu biliyoyin dala to mai kemis a Pantami fa?

Ga tsari mai sauƙi. Ka kunna bakof na atomatik na databes mai iya komawa kowane minti, ka riƙe na kwana 14 zuwa 30. Kowane dare a fitar da cikakken kwafi, a kulle shi da makullin sirri, a tura wani kamfani daban kamar Backblaze B2 ko Wasabi, a asusun da kalmar sirrinsa ba ɗaya bace da ta babban asusu, a kunna Object Lock yadda ko kai kanka baka isa ka goge ba sai kwanakin sun cika. Sau ɗaya a mako a sauke kwafi a diski na waje a kai shi gidan Alhaji, ba a bar shi a durowar shagon ba, gobarar kasuwa bata tambaya. Makullin buɗe bakof ɗin a buga shi a takarda a ajiye wuri biyu, don bakof ɗin da ba makulli shara ne. In kana riƙe da bayanan marasa lafiya ko ɗalibai ka sani dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka, hukumar NDPC ce ke kula da ita, kuma tana da sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, kullewar nan ba zaɓi bane.

Na shida, ƙananan abubuwan da ke kashe harka ba tare da wata igiya ta tsinke ba

Katin da ake biyan kilawud ya daina aiki ko dala ta ƙare a ciki, imel ɗin gargaɗi na zuwa akwatin wani yaro da ya bar aiki bara, sai a wayi gari an dakatar da asusu. Ka sa kati biyu, imel ɗin ya zama na kamfani wanda mutum biyu ke gani. Domen, wato sunan shafinku na intanet, a biya na shekara biyu ko uku a kunna sabuntawa da kanta, kuma ya zama da sunan mai harkar, ba da sunan wanda ya gina shafin ba. Lambar shiga ta biyu, wadda ake nema bayan kalmar sirri, kada ta dogara da sim ɗin mutum ɗaya, mun ga yadda aka rufe layuka a 2024 kan haɗa NIN, ga satar waya. A yi amfani da manhajar lambobi a waya biyu, a buga lambobin ceto a sa a ambulan a kulle.

Na bakwai, ranar da komai ya ƙi

Zata zo. Kowane reshe ya kasance da littafin rasit mai kabon, lambobin kowane reshe daban, Gombe daga 1000, Kumo daga 5000, don kada su ci karo wajen shigarwa. Duk ranar Litinin a buga jerin farashi da jerin masu bashi a takarda. POS biyu na kamfanoni daban, da asusun banki biyu. In za a saya ko a gina sabuwar manhaja ka dage sai mai iya aiki ba intanet ta tura daga baya, ka kuma tambayi mai ginawa me zai faru in reshe biyu suka sayar da kwalin ƙarshe lokaci guda, in ya kasa amsawa to bai yi tunanin abin ba.

Duk wannan a rubuta a shafi biyu kacal, a manna a bango kusa da rawuta. Wa za a fara kira, wa ke da ikon cewa a koma takarda, bayan minti nawa, wa zai sanar da kwastomomi, lambar asusunku a wajen mai ba ku intanet. Lambobin waya a rubuce, don ranar 4 ga Oktoba 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke kusan awa shida, guruf ɗin ma'aikata ba abin dogaro bane. Tsarin da ke ajiye a cikin kilawud ɗin da ya faɗi kuwa ba wanda zai karanta shi.

Na takwas, gwaji

Wannan ne mutane ke gudu kuma shi ne ke nuna ko duk kuɗin da aka kashe sun yi amfani. Ka zaɓi lokacin da ciniki ya yi sanyi, ka faɗa wa Alhaji amma kar ka faɗa wa yaran kanta. Ka zare wayar faiba ka duba agogo, daƙiƙa nawa kafin POS ya dawo. Ka kashe wutar gari da janareta ka bar inbata ita kaɗai har ta yi ƙara, ka rubuta awannin gaske, batir ɗan shekara biyu ba zai baka abin da ya bayar yana sabo ba. Sai babban, ka buɗe saba sabuwa fil a wani yankin, ka sauko da bakof na daren jiya daga kamfani na biyu, ka tada manhajar, ka kira akawu ya duba ko jimillar cinikin jiya da bashin mutum uku da ya sani a ka sun yi daidai. Ka sa wani ba kai ba ya bi takardar ya yi, kai kana gefe baka magana, duk inda ya tsaya yana tambaya to nan takardar ke da giɓi.

In tadawar ta ɗauki awa 9 alhali kun rubuta awa 4, ko dai a gyara tsarin ko a koma wajen Alhaji a canja lambar da saninsa. Gwajin rawuta duk wata, na bakof duk wata uku, cikakken kuma sau biyu a shekara, ɗaya a Afrilu kafin ruwa ya sauka ɗaya kafin cinikin azumi da sallah ya kankama. Duk ranar da ma'aikaci mai riƙe da kalmar sirri ya bar aiki a canja su a ranar, a cire wayarsa daga manhajar lambobi, a sake buga takardar bango da sunan wanda ya gaje shi.